Darasi: Idan Haruffa Suka Lalace a Shafin Intanet

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran za ku iya:

1. bambanta tsakanin lambar harafi da zanensa;
2. duban rubutun da ya lalace a burauzar kwamfuta ku faɗi inda matsalar take, ko a shafin ne ko a na'urarku;
3. gyara abin da gyaransa ke hannunku;
4. aika wa mai shafi bayanin da zai taimaka masa ya gyara nasa ɓangaren.

1. Lamba daban, zane daban

Duk harafin da kuke gani a allon kwamfuta abu biyu ne aka haɗa. Akwai lambar da kwamfuta ta ajiye, akwai kuma zanen da ta nuna muku. Idan kuka danna A, lamba ce ke shiga ciki. Zanen A ɗin kuwa, siriri ne ko mai kauri, a tsaye yake ko a karkace, daga wani fayil na daban ake ɗauko shi a daidai lokacin da za a nuna.

Tsarin da ya raba wa haruffan duniya lambobi shi ne Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991. Ana rubuta lambobinsa da alamar U+ a gaba. Lambar A ita ce U+0041. Haruffanmu masu ƙugiya ma kowanne yana da tasa: ƙ tana U+0199, ɓ tana U+0253, ɗ tana U+0257, sai ƴ da ake rubutawa a Nijar, a inda Najeriya ke rubuta 'y, tana U+01B4. Ba sai kun haddace su ba. Ku dai lura cewa ƙ da ƴ suna kusa da juna, ɓ da ɗ kuma suna can gaba. Wannan tazara za ta yi mana amfani nan gaba.

> Akwatin ma'ana
> Burauza: manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, kamar Chrome, Firefox ko Edge.
> Unicode: tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa ta kansa.
> Salon haruffa: fayil mai ɗauke da zanen haruffa. Masu aikin kwamfuta suna ce masa font. Arial da Times New Roman misalai ne.

Babu salon haruffa guda da ya ɗauke dukkan haruffan Unicode. Wanda ya zana salo don Ingilishi da Faransanci yana iya kammala aikinsa tsaf bai taɓa zana ƙ ba, kuma da yawa haka suke.

2. Daga ina burauza ke samo zanen?

Mai shafi yakan rubuta jerin salon da yake so: na farko, in babu shi na biyu, in babu shi na uku. Sau da yawa na farkon ba ya cikin kwamfutarku. Yana can a ajiye a kwamfutar da ke riƙe da shafin, kuma burauza ce ke sauko da shi tare da hotuna da sauran kayan shafi. Irin waɗannan fayiloli sunansu yakan ƙare da .woff2 ko .woff.

Abin da ya kamata ku riƙe shi ne, burauza harafi-harafi take bin jerin nan. Ku ɗauki mai rubuta allon shago wanda ke aiki da kwalayen haruffa da aka yanke, yana ɗorawa yana shafa fenti. An ce ya rubuta "Ɗinkin Zamani", ya duba jakarsa babu Ɗ, sai ya ari na maƙwabcinsa. Allon zai karantu, amma Ɗ ɗin zai fita daban da 'yan'uwansa. Haka burauza ke yi. In ta rasa harafi a salo na farko sai ta aro daga na gaba. In ta rasa a duk jerin, ta laluba cikin salon da ke kwamfutarku. In nan ma babu, sai ta ajiye ɗan akwati a gurbinsa.

> Akwatin ma'ana
> Saba: kwamfutar da ke ajiye da shafi, tana aika shi ga duk wanda ya nema.
> Salon aro: salon da burauza ke komawa gare shi idan na farko ya gaza.

3. Ku duba kafin ku taɓa komai

Yawancin mutane da sun ga rubutu ya hargitse sai su kama goge-goge, wasu har su cire burauza su sake sakawa. Wannan ɓata lokaci ne da data. Kamannin lalacewar shi ke faɗa muku inda ciwon yake, don haka ku tsaya ku kalle shi da kyau.

*Harafi mai ƙugiya ya fita daban da sauran.* Kalmar ta karantu, sai dai ƙ ko ɗ ta fi sauran siranta, ko ta fi su tsawo, ko ta zauna a karkace. Wannan aro ne. Lambar tana nan lafiya, salon shafin ne ba shi da zanen. Matsala ce da masu karatun Hausa ke yawan cin karo da ita a yau, domin Windows na yanzu yana zuwa da salo irin su Segoe UI da ke ɗauke da haruffan namu, saboda haka burauza ba ta rasa inda za ta aro.

Wani lokaci za ku ga abin mamaki: ƙ ta fito daidai, amma ɓ da ɗ sun bambanta. Ga inda tazarar nan ta shigo. Unicode ya kasa lambobinsa unguwa-unguwa. Unguwar da ƙ da ƴ suke ta ƙare a U+024F, ɓ da ɗ kuwa suna unguwa ta gaba, wadda aka ware wa alamomin masana furuci. Masu shafuka sukan datse fayil ɗin salo don ya yi sauƙin saukewa, kuma idan aka datse a iyakar unguwar farko, ɓ da ɗ ne ke zama a waje.

*Ɗan akwati a gurbin harafi.* Kamar a rubuta □asa maimakon ƙasa. Nan burauza ta nema ko'ina ta rasa. An fi ganin haka a tsofaffin kwamfutoci, ko wadda aka goge wasu salonta.

*Tarkacen alamomi.* Wannan ya fi tsoratar da mutane, kuma shi ya fi buƙatar bayani. Kuna tsammanin ƙasa sai ku ga Æ™asa. Ɗaya da ƙaramin baƙi ta koma É—aya, ɓera ya koma É“era. A nan salon haruffa ba shi da laifi ko kaɗan. Lambar ce aka karanta ba daidai ba.

Ga yadda abin ke faruwa. Hanyar da aka fi ajiye lambobin Unicode a fayil ita ce UTF-8, wadda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992. A wannan hanya haruffa irin su a, b, k gurbi ɗaya-ɗaya suke ci, amma ƙ, ɗ da ɓ gurbi biyu-biyu. Akwai kuma tsohuwar hanya ta Windows, mai suna Windows-1252, wadda ke ɗaukar kowane gurbi a matsayin harafi guda. Idan aka ajiye rubutu da sabuwar hanya, burauza kuma ta karanta shi da tsohuwar, sai ta raba ƙ gida biyu: rabin farko ya zama Æ, na biyu ya zama ™. Shi ya sa kullum alamomi biyu ke maye gurbin harafi ɗaya, kuma kullum su ɗin ne dai. Duk inda kuka ga Æ™, ƙ ce aka tsaga.

> Akwatin ma'ana
> Tsarin ajiya: ƙa'idar da ake bi wajen rubuta lambobin haruffa a cikin fayil. Dole mai ajiyewa da mai karantawa su bi ƙa'ida ɗaya.
> UTF-8: tsarin ajiyar da mafi yawan shafukan intanet ke amfani da shi a yau.

*Alamar tambaya.* Idan baƙin lu'u-lu'u ne mai alamar tambaya a ciki, wato �, burauza ce ke cewa ta ci karo da lambar da ba ta iya fassarawa. Idan kuwa alamar tambaya ce zalla, kamar ?asa ko ?aya, to labari ya fi muni. Tun lokacin ajiyewa aka jefar da harafin aka sa alamar a madadinsa. Babu abin da mai karatu zai danna ya dawo da shi, sai an koma ga asalin rubutun.

*Baƙaƙen da ba na Hausa ba a tsakiyar kalma.* Wanda ya saba karanta tsofaffin kundaye da takardun Hausa a intanet ya san wannan: qasa, xaya, varna, ko kuma }asa da wa]anda. Kafin Unicode ya bazu, masu buga Hausa sun yi dabara. Sun ƙera salo na musamman suka zana ƙ a gurbin q, ɗ a gurbin x, ɓ a gurbin v, wasu kuma suka yi amfani da gurbin alamomin baka. Dabarar ta yi aiki sosai a takarda, ta kuma fitar da littattafai masu yawa. Amma lambar da ke ƙasa ta q ce har yanzu. Da zarar rubutun ya bar kwamfutar da ke da salon, asiri ya tonu. A ganina duk wanda ke da irin waɗannan takardu gara ya daure ya sauya haruffan zuwa na Unicode sau ɗaya, maimakon ya riƙa bin mutane yana cewa su saka tsohon salo.

4. Gwajin kwafi

Akwai gwaji ɗaya mai sauƙi da ke raba gardama. Ku zaɓi kalmar da ta lalace, ku kwafe ta da Ctrl da C, ku buɗe Notepad ko Word ku liƙa da Ctrl da V. Abin da ake kwafa lamba ce, zanen ba ya biyo ta. Idan kalmar ta fito daidai a can, lambar tana da lafiya, matsalar ta salo ce. Idan tarkacen ya biyo ku, matsalar ta tsarin ajiya ce ko ta asalin rubutun.

*Misali na farko.* Wata mai shagon buga takardu ta buɗe shafin wata makaranta don ta buga wa abokin ciniki sanarwa. A kanun shafin, kalmar ɗalibai ta fito da akwati a farkonta. Ta kwafa ta liƙa a Word, sai ga ɗ ta fito sarai. Ta gane ke nan rubutun lafiya yake. Tunda bugawa kawai take so, sai ta kwashe sanarwar duka zuwa Word ta zaɓi salon da ke da haruffan ta buga. Daga baya ta sauke Noto Sans, salon kyauta na kamfanin Google, ta saka a kwamfutar don burauza ta samu wurin aro. Andika da Charis, na ƙungiyar SIL, su ma kyauta ne kuma suna ɗauke da haruffan Hausa.

*Misali na biyu.* Sakataren wata ƙungiyar manoma ya ɗora sanarwar rabon taki a shafinsu, sai 'yan ƙungiya suka fara kira suna cewa sunan ya koma Æ™ungiya. Ya kwafa ya liƙa a Notepad, tarkacen ya biyo shi. Ya gwada a wata kwamfuta, duk ɗaya. Da aka buɗe fayil ɗin shafin sai aka tarar babu layin da ke gaya wa burauza tsarin ajiya. Aka ƙara wannan layi kusa da farkon fayil ɗin:

`<meta charset="utf-8">`

Rubutun ya daidaita. Da bai daidaita ba, wuri na gaba da za a duba shi ne saba, domin idan ita ta sanar da wani tsari daban, maganarta burauza ke ɗauka a kan ta wannan layi. Mai karatu da ke amfani da Firefox yana da ɗan taimako na wucin gadi: a jerin View akwai umarnin Repair Text Encoding, wanda ke sa burauza ta sake hasashen tsarin. Shafin da ke gabanku kawai yake gyarawa.

5. Idan salon ne bai iso ba

Wani lokaci haruffa duk daidai suke, amma shafin gaba ɗaya ya canza kama. Rubutun da kuka saba gani da kyakkyawan salo ya koma irin na tsohuwar takarda. Ko kuma ƙananan hotunan maɓallai, irin su gilashin bincike da kwandon sayayya, sun koma akwatuna. Wannan na biyun yana ruɗa mutane. Shafuka da yawa suna zuba waɗannan ƙananan hotuna ne a cikin fayil ɗin salo, Font Awesome sananne ne a wannan fanni, don haka idan fayil ɗin bai iso ba hotunan ma ba su iso ba.

Ku fara da haƙuri. Idan netwok na jan ƙafa, Chrome da Firefox sukan jira kimanin daƙiƙa 3 rubutun yana ɓoye, sannan su nuna shi da salon aro, in na gaskiyar ya iso su musanya. Wannan tsalle da rubutu ke yi ba lalacewa ba ce.

Idan an jima bai canza ba, ku bi waɗannan matakai, kuna dubawa bayan kowanne:

1. Ku danna Ctrl da F5. Wannan yana sa burauza ta yi watsi da abin da ta adana ta sake sauko da komai. Fayil ɗin da ya yanke a hanya yakan gyaru a nan.
2. Ku buɗe shafin a tagar sirri: Ctrl, Shift da N a Chrome da Edge, Ctrl, Shift da P a Firefox. Yawancin ƙarin manhajoji ba sa aiki a wannan taga sai an ba su izini. Idan shafin ya gyaru, ɗaya daga cikinsu ne mai laifi, galibi mai toshe talla. Ku kashe su ɗaya bayan ɗaya har ku kama shi.
3. Ku gwada wata burauzar. In a can lafiya, ku duba saitin ta farko. Firefox, alal misali, tana da wani zaɓi a sashen Fonts da ke ba shafuka damar amfani da salonsu. In an cire alamar da ke kansa, kowane shafi da salonku zai fito.
4. Ku gwada a wata kwamfutar ko a waya. In ko'ina haka yake, ku huta, matsalar mai shafi ce.

> Akwatin ma'ana
> Ma'ajiyar wucin gadi: wurin da burauza ke adana kwafin kayan shafi don kada ta sake sauko da su kowane lokaci.
> Ƙarin manhaja: ƙaramar manhaja da ake liƙa wa burauza don ta yi wani aiki, kamar toshe talla.

Rubutu mai dishi-dishi ko mai kaushin gefe wani abu ne daban, kuma ba ya ɗaukar lokaci. Ku danna Ctrl da 0 girman shafi ya koma yadda yake. In bai yi ba, ku rubuta ClearType a wurin binciken Windows ku bi matakan da zai nuna.

6. Leƙawa bayan labule

Wannan sashe na masu kula da shafi ne, da duk wanda ke son ya gani da idonsa. Ku danna F12. Wata taga za ta buɗe a gefe ko a ƙasa, cike da rubutun Ingilishi. Kada ta ba ku tsoro. Duk abin da kuka taɓa a ciki a allonku kaɗai yake, kuma yana gushewa da kun sake loda shafin.

Ku zaɓi Network, ku danna Font, a Firefox kuma Fonts, sannan ku sake loda shafin. Za ku ga jerin fayilolin salo, kowanne da lamba a gefensa. Lamba 200 na nufin ya iso. Lamba 404 na nufin saba ta nema ba ta samu ba, wato an yi kuskuren suna ko an matsar da fayil ɗin. Daga nan ku leƙa Console ku nemi jan rubutu. In kun ga kalmar CORS, fayil ɗin yana wata saba ce daban wadda ba ta ba wannan shafi izinin ɗauka ba. In kun ga Mixed Content, shafin yana kan https amma yana neman salon ta http, burauza kuma ba ta yarda da wannan gauraye.

Abin da na fi so a wannan taga shi ne tana faɗin sunan salon da aka yi aiki da shi a zahiri. Ku danna dama a kan kalmar ku zaɓi Inspect. A Chrome ku shiga Computed ku gangara ƙasa zuwa Rendered Fonts. A Firefox akwai sashen Fonts. In jimla guda ta nuna sunaye biyu, na biyun kuma haruffa biyu ko uku kacal ya zana, to kun kama aron da hannu, kuma kusan kullum masu ƙugiya ne.

*Misali na uku.* Wani matashi ya haɗa wa yayarsa mai sayar da turaren wuta shafin talla. Ya zaɓi wani salo mai ado, kanun ya ce "Ƙamshi mai ɗorewa", amma Ƙ da ɗ suka fito sirara a tsakiyar haruffa masu kauri. Ya duba Network, fayil ya iso da 200. Ya duba Rendered Fonts, sunaye biyu, na biyun da haruffa 2. Salon ne ba shi da su. Ya canza zuwa wanda ke da su. Tun daga ranar, kafin ya zaɓi salo sai ya fara liƙa wannan layi a wurin gwaji: Ɓɓ Ɗɗ Ƙƙ Ƴƴ.

Wasu kan kauce wa wahalar su rubuta k, d, b zalla. Ban ba da wannan shawara ba. Kafa da ƙafa ba abu ɗaya ba ne, haka ma bari da ɓari, kuma mai karatu bai kamata ya riƙa cankar abin da ake nufi ba alhali gyaran bai wuce canza salo ba.

7. Yadda za ku kai ƙorafi

"Shafinku ya lalace" ba ya taimakon kowa. Ku aika da adireshin shafin, hoton allon, sunan burauza da na tsarin kwamfutarku, kalmar da ta lalace da yadda ya kamata ta kasance, da sakamakon gwajin kwafi. In kun gwada a wata na'ura, ku faɗi abin da kuka gani a can.

Tambayoyin bita

1. Mene ne bambanci tsakanin lambar harafi da zanensa? Wanne ne ke bin rubutu idan aka kwafe shi?
2. Me burauza ke yi idan salon farko ba shi da harafin da ake buƙata? Yaushe take nuna akwati?
3. Me ya sa wani lokaci ƙ ke fitowa daidai amma ɓ da ɗ su bambanta da sauran?
4. Mayar da waɗannan kalmomi yadda suke na asali: Æ™ofa, É—aki, É“awo, xalibi, qauye.
5. A cikin Æ™asa da ?asa, wanne ne ake iya gyarawa ba tare da an koma ga asalin rubutun ba? Kawo dalili.
6. Shafi ya fito daidai a tagar sirri amma a tagar yau da kullum hotunan maɓallai sun zama akwatuna. Me kuke zargi, kuma yaya za ku tabbatar?
7. Me lambobin 200 da 404 ke nufi a sashen Network?
8. Aikin gida: ku buɗe shafukan Hausa guda uku a kwamfuta, ku nemi kalma mai ƙ, mai ɗ da mai ɓ a kanun kowanne. Ku rubuta ko sun yi daidai da sauran haruffa, da sunan salon da burauza ta ce ta yi amfani da shi, ku zo da sakamakon aji na gaba.